Pyotr Klodt: Sojan Da Ya Ajiye Bindiga Ya Rungumi Ƙirar Dawaki

'Yan'uwa mazauna birane, duk wanda ya tashi a garinmu ya san doki tun kafin ya san mota. Da yawa daga cikinmu mun buɗe ido mun tarar da turke a ƙofar gida, mun kuma ga yadda dattawa ke duba haƙori da kofato kafin su yi ciniki. Wannan sanin ne ya sa na zaɓi in kawo mana tarihin wani mutumin ƙasar Rasha da ya ƙare rayuwarsa yana nazarin doki, yana kuma zuba siffarsa da tagulla. Ko da yake yin mutum-mutumi ba al'adarmu ba ce, yadda mutumin nan ya riƙi sana'arsa, da yadda birninsu ya riƙi aikinsa bayan ransa, abin dubawa ne.

Tashinsa

An haifi Pyotr Klodt a shekarar 1805, cikin wani gidan sojoji masu asalin Jamusanci. Mahaifinsa janar ne da ya yi yaƙin 1812, lokacin da Nafoliyon ya auka wa Rasha. Aikin soja ya kai iyalin garin Omsk a yankin Siberiya, kuma a can yaron ya fara sassaƙa 'yan ƙananan dawaki da icce. Bayan rasuwar mahaifin a 1822 sai suka koma Saint Petersburg, wadda ita ce hedikwatar ƙasar a wancan zamani. Kamar yadda gidansu ya gada, ya shiga makarantar sojan igwa, ya fito da ƙaramin muƙamin hafsa. Bai daɗe a kaki ba ya ajiye aikin a ƙarshen shekarun 1820, ya shiga zaman talauci yana sassaƙa dawakinsa. A 1830 ya fara zuwa Makarantar Fasaha ta Sarki yana sauraron darasi, ba tare da an ɗauke shi cikakken ɗalibi ba.

Babban malaminsa dai dokin ne da kansa. Yakan daɗe yana kallon yadda jijiya ke tashi a wuya in an ja linzami, da yadda nauyi ke komawa cinya in doki zai zabura. 'Yan dawakinsa na icce sun yi ta yawo hannu zuwa hannu har labarinsu ya isa fadar Sarki Nikolas na Ɗaya.

Daga icce zuwa tagulla

Aikinsa na farko babba shi ne dawaki shida masu jan keken nasara a saman Ƙofar Narva, wadda aka buɗe a 1834 don tunawa da korar Nafoliyon. Daga nan sai ya ɗauki wani mataki da ya bambanta shi da tsaransa. A lokacin, mai tsara siffa daban yake, mai zubin tagulla daban. Klodt ya ɗaura ɗamara ya shiga maƙera ya koyi zubi a hannun Vasily Ekimov, gwanin maƙeran Makarantar Fasaha. Da Ekimov ya rasu, shi aka damƙa wa maƙerar a 1838.

Hanyar zubin ba baƙuwa ba ce ga maƙeran fari na ƙasarmu. Ana fitar da siffar da kakin zuma, a lulluɓe ta da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sa'an nan a kwarara narkakkiyar tagulla a gurbin da ya bari. A ƙaramin abu kamar zobe aikin da sauƙi. A dokin da ya fi na gaske girma kuwa, tsaga ɗaya a jikin yumɓu tana iya ɓata wahalar watanni. Tun da Klodt ya riƙe aikin daga farko har ƙarshe, abin da idonsa ya gani a barga shi ke fitowa a tagulla.

Dawakin gadar Anichkov

Aikin da ya fi ɗaukaka sunansa yana kan gadar Anichkov, inda babban titin Nevsky ya haye kogin Fontanka. An buɗe gadar a 1841 da siffofi biyu na tagulla, kowanne saurayi riƙe da ingarma, aka kuma cike sauran kusurwa biyu da kwafi na farar ƙasa kafin a zuba nasu. Da ya zuba sababbin, sai Sarki ya yi kyautarsu ga Sarkin Furusiya, aka kai su Barlin. Ya sake zuba wasu aka kafa, a 1846 Sarki ya sa aka cire su aka aika wa Sarkin Naples a Italiya.

Da wani ne, da sai ya sake zuba kwafi na uku ya huta. Klodt ya zauna ya tsara sababbin siffofi biyu, waɗanda aka kafa a farkon shekarun 1850. Ta haka kusurwa huɗu suka zama labari guda na horar da doki: a nan saurayi yana jan ragama doki yana bi, can doki ya miƙe yana turjiya, a wata kusurwar ya kayar da mai shi ƙasa amma hannu bai saki ragama ba, a wata kuma saurayin ya durƙusa kan gwiwa ɗaya ya tsayar da shi. Duk wanda ya taɓa ganin ana horar da ɗan doki a bayan gari zai gane kowane mataki.

Ya kuma yi dawaki huɗu da ke saman gidan wasan Bolshoi a Mosko, waɗanda aka buga hotonsu a takardar kuɗi ta rubul 100 ta 1997. A 1859 aka buɗe mutum-mutumin Sarki Nikolas bisa doki. Dokin ya ɗaga ƙafafun gaba, duk nauyin tagullar ya tsaya kan kofatan baya biyu kaɗai, abin da ya buƙaci lissafi irin na injiniya. Klodt ya rasu a 1867 a ƙasar Finlan, wadda a lokacin tana ƙarƙashin Rasha.

Ranar da aka binne dawaki

A watan Satumba na 1941 sojojin Jamus suka yi wa birnin ƙawanya, lokacin ana kiransa Leningrad. Ƙawanyar ba ta ƙare ba sai Janairun 1944, kuma yunwa ta kashe mutane fiye da 600,000. A farkon wannan masifa ne mutanen birnin suka sauke dawakin gadar, suka haƙa ramuka a lambun fadar Anichkov suka binne su don kada ruwan igwa ya same su. A 1945 aka tono su aka mayar da su mazauninsu. An bar tabon da harsashi ya yi wa dutsen gadar ba a gyara ba, domin na baya su gani.

Abin da ya rage gare mu

Jama'a, waɗannan mutane sun san sunan maƙerinsu, sun san shekarar da ya yi kowane aiki, shi ya sa da wuya ta zo suka san abin da za su ɓoye. Mu kuwa kowace Sallah muna tururuwa daga birane mu zo kallon hawa, muna ɗaukar hoton mahaya, amma kaɗan ne cikinmu za su iya faɗin wanda ya sassaƙa sirdin, ko badukun da ya ɗinka kayan, ko maƙerin da ya ƙera linzami da likkafa. Dattawan da suka riƙe waɗannan sana'o'i suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu da yawa suna nan tare da mu a birni suna wasu ayyukan.

Shawarata ga ƙungiya ita ce, kafin fitowar mujallar baɗi a naɗa mutum biyu ko uku su zauna da waɗanda suka rage, su rubuta sunayensu da na iyayen gidansu a sana'a, su ɗauki hoton kayan aikinsu, a ware musu shafi a nan. Kuɗin wannan bai kai na abincin taronmu na shekara ba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana, amin.