Wasan Majan a Japan: Daga Ɗakin Caca Zuwa Makarantar 'Yan Mata

Wasan majan ya samo asali ne a ƙasar Sin cikin ƙarni na 19. Mutum huɗu ke yin sa da waɗansu ƙwayoyi masu zane, waɗanda yawansu a tsarin Japan 136 ne. Ya bazu a Japan a shekarun 1920, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ya zama abin maza, ana buga shi a kan kuɗi cikin hayaƙin taba. Ƙagaggen labarin da Asada Tetsuya ya fara fitarwa a 1969 ya daɗa liƙa masa sunan caca.

A 2006 Kobayashi Ritz ya soma labarin zane mai suna Saki, inda 'yan matan sakandare ke gasar majan ta ƙasa. An mai da shi fim ɗin talabijin a 2009. A 2012 aka yi fim ɗin wani reshensa, watau Achiga-hen, labarin ɗalibai biyar daga lardin Nara da suka farfaɗo da ƙungiyar makarantarsu domin su sadu da wata ƙawar ƙuruciya a fagen gasa. A nan babu kuɗi, sai maki da martabar makaranta.

Da aka kafa gasar ƙwararru ta M.League a 2018, an haramta wa 'yan wasanta caca. Ashe mutuncin wasa ba a ƙwayoyinsa yake ba. Yana ga masu yin sa, da abin da suka sa a gaba.