Wace Mace Ce Tiyatar Cire Mahaifa ta Ƙananan Huji Ke Karɓa?

Tun 1988, da likita Harry Reich ya fara cire mahaifa ta ƙananan huji a Amurka, likitocin mata ke muhawara kan wadda wannan aiki ya dace da ita da wadda gara a tsaga mata ciki. Huji uku ko huɗu ake yi, kowanne bai wuce faɗin yatsa ba. A hura iskar kabon ciki ya kumbura, a zura madubi ta cibiya, a karkata gado kan mace ya yi ƙasa domin hanji ya gusa daga ƙugu. Idan an raba mahaifar da jijiyoyinta, galibi ta gaba ake fito da ita.

Binciken eVALuate da aka buga a Birtaniya a 2004, mai mata 1,380, ya nuna waɗanda aka yi wa huji sun fi samun sauƙin zafi da saurin sallama. Amma manyan matsaloli sun kai kashi 11.1 cikin ɗari a wajensu, alhali 6.2 ne a wajen waɗanda aka tsaga. Sai dai akwai lauje cikin naɗi: binciken ya ƙirga komawa ga tsaga ciki a tsakiyar aiki a matsayin babbar matsala. A ganina wannan lissafi ya zalunci likitan da ya ga hanya ba ta ɓullewa ya ajiye madubi ya ɗauki wuƙa, domin sau da yawa shi ne ya kare mara lafiyarsa.

Cikin abubuwan da ke kawo wa aikin huji cikas, ƙiba ce aka fi ambata. Kitse yana tare gani, kuma huhun mace mai jiki yana wahala idan ciki ya cika da iska ga kai a ƙasa, har likitan sa barci ya ce a ɗago gado. A binciken LAP2 na Amurka, mai mata 2,616 masu sankarar mahaifa, an koma ga tsagawa a kusan kashi 17 na masu ma'aunin nauyi bisa tsawo 25, amma a sama da rabin waɗanda suka haura 40. Duk da haka mai ƙiba ce ta fi cin ribar huji idan an yi nasara, domin dogon ɗinki a ƙarƙashin teɓa shi ne mai ruwa, mai warwarewa, musamman ga mai ciwon suga.

Abin da ya fi ƙiba haɗari ba a ganinsa daga waje. Macen da aka yi wa aikin haihuwa sau biyu ko uku, mafitsararta kan manne da ƙasan mahaifa daidai tabon, kuma sai an ɓamɓare ta kafin a kai ga bakin mahaifa. A nan ake huda ta. Wannan da sauƙi, idan an gani a ɗinke nan take. Wanda ake tsoro shi ne bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. Yana ratsawa ta ƙarƙashin jijiyar jinin mahaifa, tazararsa da bakin mahaifa kusan santimita biyu ce kawai, kuma da zafin lantarki ake toshe wannan jijiya. Zafin kan lashi bututun ba tare da alama ba. A sallami mace lafiya lau, bayan kwanaki ta dawo da zazzaɓi, ciwon kwiɓi ko yoyon fitsari. Tsohuwar cutar ƙugu da ta manne kayan ciki tana ƙara kawar da bututun daga inda ake zatonsa.

Kan yadda gwanintar likita ke rage wannan rauni, Finlan ta ba da hujjar da ta fi gamsar da ni. A ƙididdigar ƙasar ta 1996, likitocin da aikinsu na huji bai wuce 30 ba sun ji wa bututun rauni a kashi 2.2, waɗanda suka wuce 30 kuwa 0.5. Zuwa 2006 adadin ƙasar ya sauko daga 1.1 zuwa 0.3. Jikin mata bai canza cikin shekara goma ba, hannu ne ya faɗa.

Girman mahaifa shi ne ya fi shafarmu. Lafiyayyar mahaifa ba ta kai giram 100 ba, amma ƙarin da ake kira faibroid kan kai ta kilo ɗaya ko fiye, kuma ya fi kama mata baƙar fata, da wuri, da girma. Babbar mahaifa tana cike ƙugu, ta hana madubi juyawa, ta ƙara zubar jini, sannan ba ta fita sai an yayyanka ta. A 2014 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan injin yayyankawa, bisa kiyasin cewa mace 1 cikin 350 da ake yi wa aikin faibroid tana ɗauke da ɓoyayyiyar sankara da injin zai watsa. Matanmu da yawa sai ƙarin ya kai girman cikin wata bakwai suke zuwa asibiti, jini ya riga ya yi ƙasa saboda yawan zuba. Irin wannan mace, a fara gyara mata jini, sannan ta sa hannu kan hanyoyin biyu tun kafin ta shiga ɗakin tiyata.