Bayani kan sinadarin ƙarfe a ƙwayar alkama

Rashin isasshen sinadarin ƙarfe a abinci shi ne babban abin da ke haddasa ƙarancin jini a duniya, kuma mata masu juna biyu da ƙananan yara ne suka fi shan wahalarsa.

Alkama na ɗauke da wannan sinadari, sai dai akasarinsa yana cikin fatar ƙwayar ne, wadda ke tafiya da dusa idan aka yi niƙan farar fulawa. Ko wanda ya ci garin da dusarsa ba ya samun duka, domin wani sinadari mai suna fitet yana riƙe ƙarfen, ya hana hanji tsotse shi.

Gadon alkamar daji

A shekarar 2006, ayarin Farfesa Jorge Dubcovsky na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, tare da masana daga Jami'ar Haifa, suka bayyana a mujallar Science cewa sun gano wata ƙwayar gado mai suna NAM-B1 a jikin alkamar daji ta Gabas ta Tsakiya.

Aikinta shi ne gaggauta bushewar ganye, tare da kwashe abincin da ke cikinsa zuwa tsaba kafin shukar ta mutu. Irin da ke da ita yakan samu ƙarin furotin da zink da ƙarfe da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari.

Da masanan suka daƙile aikin wannan ƙwayar gado da danginta, sai nunar alkamar ta yi jinkirin fiye da mako uku, sinadaran kuma suka ragu da fiye da kashi 30 cikin ɗari.

Abin mamaki, a yawancin alkamar da ake nomawa wannan ƙwayar gado ta lalace ko ta ɓace tun da daɗewa. Ana iya mayar da ita ta hanyar barbarar iri, amma wani lokaci tsabar kan rage nauyi, kuma manomi da buhu yake lissafi.

Farar fulawa

Wannan bai warware matsalar dusa ba. A shekarar 2017, masana a Cibiyar John Innes da ke Norwich a Ingila suka sa wata ƙwayar gado mai suna TaVIT2 ta riƙa tara ƙarfe a farin cikin tsabar, har yawansa a fulawa ya ninka. Amma an yi hakan ne ta hanyar sauya halittar shukar, dabarar da ƙasashe da dama ke ɗari-ɗari da ita.

Aikin na da wuya, domin alkamar burodi na da kwafi shida na rukunin ƙwayoyin gadonta, wanda girmansa ya ninka na ɗan Adam kusan sau biyar, kuma sai a 2018 aka wallafa cikakkiyar taswirarsa. Yanayin ƙasar noma ma yana sauya yawan ƙarfen.

Shirin HarvestPlus da cibiyar CIMMYT ta Mekziko sun fi samun nasara a kan zink, inda aka fitar da irin Zincol-2016 ga manoman Pakistan.