Talaka da Hukumar Garinsa: Daga En'e zuwa Ƙaramar Hukuma

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya nufe mu da ganin wannan rana ta aza harsashin ginin masallacinmu.  Bayan haka, mun ga ya dace mu waiwayi tarihin zaman talaka da hukumar da ta fi kusa da shi, domin a cikinsa akwai darasi ga aikin da ya tara mu.

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, sai suka bar mulkin ƙasa a hannun sarakuna, Razdan da Di'o suna sa musu ido. Daga nan En'e ta samo asali. Umarni yakan sauko daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. Haraji da jangali kuwa su bi wannan hanya su hau, a ba gwamnatin Turawa kasonta, saura ya shiga Baitulmali. Da kuɗin nan ake biyan alƙalai da 'yan doka da malaman makaranta, ake gina ɗakunan magani da rijiyoyi da kasuwanni. Talaka ya san hukuma ido da ido, ya kuma san da guminsa take tafiya, amma ba shi da bakin tambayar yadda aka kashe ko anini.

Cikin watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna, ya nemi a gyara tsarin En'e yadda talaka zai sami ta cewa. A wannan wata ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya shugabanta. Dokar En'e ta 1954 ta ƙara wa majalisun sarakuna ƙarfi. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e.

Babban canji ya zo cikin 1976, sa'ad da gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa ƙananan hukumomi 301 bisa tsari ɗaya a ƙasa baki ɗaya. Kansiloli suka karɓi aiki, sarakuna suka koma iyayen ƙasa masu ba da shawara. Cikin 1979 Gwamna Abubakar Rimi na Kano da Gwamna Balarabe Musa na Kaduna suka soke haraji da jangali, jama'a suka yi murna ƙwarai. Yawan ƙananan hukumomi ya yi ta ƙaruwa har ya kai 774 cikin 1996.

To, amma sai wata matsala ta ɓullo. Mafi yawan kuɗin ƙaramar hukuma ya koma fitowa daga asusun tarayya, yana biyowa ta asusun haɗin gwiwa da jiha, sau da yawa kuma gwamnoni su naɗa kantomomi a maimakon zaɓaɓɓu. Ciyaman ya koma duban wanda yake samansa, talaka kuma ya ɗauki kuɗin hukuma tamkar ba nasa ba. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa. Ashe kakanninmu sun biya ba su tambaya ba saboda an hana su, mu kuwa an ba mu damar tambaya muka yi sakaci.

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, wannan masallaci da gudummawarku za a gina shi. Wani ya kawo buhun siminti, wani tifar yashi, wani ƙarfinsa ranar aikin gayya. Duk wanda ya ba da ko naira ɗaya yana da haƙƙin ya ji inda ta shiga, saboda haka mu 'yan kwamiti mun ɗauki alkawarin karanta lissafin shiga da fita a gaban jama'a har ranar da za a kammala. Muna fata wannan ɗabi'a ta bi mu zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma. Kuɗin da ake aiko mata amanarmu ce, kamar kuɗin masallaci. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu san kansilanmu, mu fita ranar zaɓe, mu tambayi zancen famfo da magudanar ruwa da makarantar firamare cikin ladabi da haƙuri, ba tare da gajiya ba.