Garkuwar Lauya: Ingila Ta Ajiye, Najeriya Ta Riƙe

Manomin Maigatari ko ɗan kasuwar Gumel da ya faɗi a shari'a, ya ɗora laifin a kan lauyansa, zai iya neman diyya? Amsar ta samo asali daga Ingila.

A 1967, a shari'ar Rondel da Worsley, kotun ƙolin Birtaniya ta wancan zamani ta yanke cewa ba a ƙarar lauya kan yadda ya tafiyar da shari'a a gaban alƙali. Hujjarta: wajibin lauya ga kotu ya ɗara biyayyarsa ga wanda ya ɗauke shi, kuma buɗe wannan ƙofa zai sa a riƙa tono shari'o'in da aka kammala.

Sashe na 9 na Dokar Lauyoyi ta 1975 ya raba lamarin gida biyu a Najeriya. Sakacin ofis, kamar kuskure a takardar cinikin gona, yana jawo diyya. Abin da ya gudana a zauren kotu kuwa yana da kariya.

Ingila ta soke kariyar a 2000, amma sashen yana nan. Saboda haka lauyan da aka kai ƙara yakan fara da tambaya guda: a ina aka yi sakacin?