Wahalar Tayar da Manyan Injunan Dizal a Tsaunin Mambila: Shin Sanyi ne Kaɗai?

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ya sa katafila da gireda ke ƙin tashi da asuba a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, ta kuma nuna cewa ƙarancin matsin iska yana da hannu fiye da yadda ake zato.

Gabatarwa

Abin da kanikawa suka fi faɗa shi ne "gas ya daskare". Wannan bai gamsar ba, domin dizal yana fara kauri ne idan sanyi ya kusa ƙanƙara, kuma ba kasafai sanyin Mambila ke kai nan ba. Ƙa'idar da injiniyoyi suka saba kawowa, cewa injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300, magana ce ta injin da ya riga ya tashi.

Hanyar Bincike

An yi lissafi a kan inji mai matse iska ninki 16, a tudun mita 1,600, da safiya mai digiri 10.

Sakamako

Injin dizal ba shi da fulogi. Zafin iskar da fistin ya matse ne ke kunna mai. A bakin teku matsin iska ya kai kilofaskal 101, a Mambila kuwa kusan 83 ne. Lafiyayyen inji zai kai matsin bar 37 a ƙasa, amma a kan tsauni 31 kawai, don haka man da nozul ya fesa yakan jinkirta kamawa.

Turbo, wanda masu injuna suka dogara da shi, ba ya taimakon komai a lokacin tayar da inji. Hayaƙi ne ke juya shi, injin da kik ke ja kuwa bai fara fitar da hayaƙin kirki ba. Ga shi yawancin injuna masu turbo an rage musu ninkin matsi tun daga masana'anta. Idan ringi ya ci ko batir ya yi rauni, zafin cikin silinda yana iya faɗowa daga kusan digiri 375 zuwa 220, dab da iyakar da dizal ke kamawa. Nan ne direba zai ga farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai yana tuttuɗowa daga salansa, inji yana tari ba ya kamawa. Injin da ya ci ringi yana iya ɓoye aibinsa a Jalingo da ke ƙasa, ya tona shi a Gembu da ke kan tsauni.

Kanga tsumma mai fetur a bakin bututun iska don tayar da inji ganganci ne da ke iya karya ringi. Auna matsin silinda kafin a hau da inji, da gyara hitar da ke ɗumama inji, da batir mai ƙarfi, su ne magani.

Iyakar Bincike

Lissafi ne aka yi, ba gwaji a fili ba, kuma ingancin man da ake sayarwa ya bambanta. Wannan na iya sauya alƙaluman, amma ba zai sa turbo ya juya kafin inji ya tashi ba.