Tarihin Gwajin Maganin Ƙarin Ƙwaƙwalwa da na Laka

Kowa ya san yadda malamin gona ke gwada sabon iri. Ba ya raba ma gari duka rana ɗaya. Yana raba gona gida biyu, ya shibka sabon iri nan, tsohon iri can. In kaka ta yi, sai a ƙidaya dammuna, a ga wanda ya fi.

Hakanan likitoci ke gwada magani. Amma sun daɗe kafin su gano wagga dabara, kuma mutane da yawa sun rasa rayukansu bisa hanya. Yau za mu ba ku tarihin yadda aka yi da ciwo guda mai wuya, wato ƙari na ƙwaƙwalwa da na laka.

Mi ake nufi da ƙari?

Ƙari wani tsiro ne da ke girma cikin jiki inda bai kamata ba. In ya fito ga hannu, ana ganinsa. Amma ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai, ƙashi ya rufe ta. Laka kuma, wato farar jijiyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa, tana cikin ƙashin baya. Ƙari ba shi da wurin buɗawa. Sai ya danne abin da ke kusa da shi. Daga nan sai ciwon kai, ko amai, ko farfaɗiya, ko dushewar gani, ko shanyewar ƙafafu.

Ƙari iri-iri ne. Wani yana girma sannu, in an cire shi mutum ya warke. Wani kuwa sankara ne, yana yin saiwa cikin ƙwaƙwalwa kamar mugun haki. Mafi tsanani daga ciki shi ne wanda ake kira giliyobilastoma.

Zamanin wuƙa

Cikin shekara ta 1884, a birnin Landan na ƙasar Ingila, an kawo wani manomi ɗan shekara 25 asibiti. Yana farfaɗiya, hannunsa na hagu ya shanye. Lokacin nan babu hoton cikin jiki ko ɗaya. Wani lokotoro mai suna Bennett ya duba alamun kawai. Ya san gefen dama na ƙwaƙwalwa ke tafiyar da gefen hagu na jiki. Sai ya nuna wurin da ƙarin yake. Mai fiɗa, Godlee, ya buɗe ƙoƙon kai ran 25 ga watan Nuwamba. Ya tarar da ƙari kamar girman goro, ya cire shi. Manomin ya farka, ya yi magana, ciwon kai ya kwanta. Amma ƙwayoyin cuta suka shiga raunin. Bayan kwana 28 ya rasu.

Cikin 1887, nan Landan, wani hafsan soja ya kwanta da ciwon baya, ƙafafunsa sun shanye. Lokotoro Horsley ya buɗe ƙashin bayansa, ya cire ƙarin da ya danne laka. Bayan watanni sojan ya sake tafiya da ƙafafunsa.

To, ga mutum biyu. Ɗaya ya rasu, ɗaya ya tashi. Da labarin mutum biyu ba a iya cewa fiɗa na da amfani ko babu. Kowane likita yana son ba da labarin wanda ya warke. Wanda ya rasu kuwa, ba a cika faɗin nasa ba.

Zamanin rubutu

Wanda ya gyara wanga al'amari shi ne Lokotoro Cushing na birnin Bostan, ƙasar Amurka. Ya koyi tsai da jini cikin fiɗa, ya tsare tsabta ƙwarai. Bayan haka ya rubuta labarin kowane majinyaci, wanda ya rayu da wanda ya rasu. Yana aje ɗan yankin ƙarin cikin kwalba. Wata mata mai suna Eisenhardt, wadda ita ma ta zama likita, ita ke riƙe da littattafan. Tana bin sawun majinyata da wasiƙu shekara da shekaru, don a san yadda suka ƙare.

Cikin 1926 Cushing da abokin aikinsa Bailey suka rarraba ƙarin ƙwaƙwalwa iri-iri, kowane da sunansa da halinsa. Cikin 1931 Cushing ya kai ƙari na 2000. Da farko masu mutuwa sanadin wagga fiɗa suna da yawa ƙwarai. Ƙarshen aikinsa, ba su kai 10 cikin 100 ba.

Amma rubutu kaɗai bai isa ba. Likita shi ke zaɓen wanda zai ba sabon magani. In ya zaɓi samari masu ƙarfi, sai maganin ya yi kamar mai kyau. Kamar a shibka sabon iri cikin fadama, tsoho bisa tudu, sannan a ce sabo ya fi.

Zamanin ƙuri'a

Dabarar da ta warware wanga ƙulli ita ce ƙuri'a. Cikin 1948, a Ingila, an ba da sakamakon gwajin wata allurar tarin fuka. Ba likita ya zaɓi masu samun allurar ba, ƙuri'a ce ta raba su. Da haka kowane kashi ya samu masu ƙarfi da marasa ƙarfi daidai gwargwado.

Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun ɗauki wagga dabara. Asibitoci da dama suka haɗa kai, domin asibiti guda ba ya samun isassun majinyata. Cikin 1978 suka ba da sakamakon gwajin mutum 303 masu mugun ƙari. Duka an yi musu fiɗa. Sannan ƙuri'a ta raba su kashi huɗu.

Ga yadda ake ƙidaya. Ana duba lokacin da rabin mutanen kashi suka rasu, rabi na da rai. Kashin da aka yi ma jinya kawai, sati 14. Kashin da aka ba allurar magani, sati 18 da rabi. Kashin da aka yi ma gashi, wato aka ƙona wurin ƙarin da wani haske mai ƙarfi na na'ura, sati 35. Waɗanda suka samu gashi da allura tare ba su wuce haka ba. Kafin nan likitoci suna gardama bisa gashi. Daga ranar, gardama ta ƙare.

Yardar majinyaci

Mutum ba hatsi ba ne. Ba a gwada masa magani sai da yardarsa. Wagga doka ita ma tana da tarihi mai ɗaci. Lokacin yaƙin duniya na biyu, wasu likitocin Jamus sun yi gwaje-gwaje bisa fursunoni da ƙarfin tsiya, da yawa suka mutu. Cikin 1947 aka yi musu hukunci a birnin Nurambag, aka rubuta dokoki. Ta farko ita ce yardar mutum. Cikin 1964 ƙungiyar likitocin duniya ta ƙarfafa dokar a birnin Helsinki.

Zancen bai yi nisa da mu ba. Cikin 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, wani kamfanin magani na Amurka ya yi gwaji bisa yara wajen 200. Iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba. Magana ta kai kotu, sai cikin 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano.

Saboda haka, ga haƙƙin wanda aka nema ya shiga gwaji. A yi masa bayani cikin harshen da yake ji. A faɗa masa amfani da haɗari. In ya ƙi, a ci gaba da yi masa magani kamar kowa. In ya shiga, yana iya fita ranar da ya so.

Gwaji biyu na shekara ta 2005

Bayan gashi, an yi shekaru fiye da 20 ana gwada magunguna, ba a samu wani babban ci gaba ba. Cikin 2005 aka ba da labarin gwajin da Lokotoro Stupp na ƙasar Suwis ya jagoranta. Mutum 573 masu giliyobilastoma suka shiga, daga asibiti 85 na ƙasashe 15. Rabi sun samu gashi kaɗai. Rabi sun samu gashi da wata ƙwayar haɗiya mai suna temozolomid. Bayan shekara biyu, cikin masu gashi kaɗai, wajen 10 cikin 100 ke da rai. Cikin masu gashi da ƙwaya, wajen 26 cikin 100. Wannan ba warkewa ba ce. Amma tun daga lokacin, ita ce hanyar da manyan asibitocin duniya ke bi.

Cikin wagga shekara kuma aka samu amsa bisa laka. Wani lokaci sankarar nono, ko ta huhu, ko ta wani wuri, tana tafiya ta zauna cikin ƙashin baya, ta danne laka. A Amurka aka gwada mutum 101. Wasu gashi kaɗai, wasu fiɗa sannan gashi. Cikin masu gashi kaɗai, 57 cikin 100 sun iya tafiya bayan magani. Cikin masu fiɗa da gashi, 84 cikin 100. Da bambancin ya bayyana, sai aka tsai da gwajin tun bai kai ƙarshe ba. Ba daidai ba ne a ci gaba da hana ma wasu abin da aka ga ya fi.

Gwajin da ya ce a'a

Ba kullum gwaji ke kawo albishir ba. Akwai wata allura mai tsada ƙwarai, mai suna bebasizumab. In an ba majinyaci, hoton kansa yana nuna kamar ƙarin ya lafa. Mutane suka sa rai. Cikin 2014 aka ba da sakamakon gwaji biyu, na mutum fiye da 1500 sababbin kamuwa. Ƙarin ya ɗan jinkirta dawowa, amma kwanakin rayuwa ba su ƙaru ba. Wanga sakamako shi ma riba ne. Ya hana iyalai da yawa zubar da dukiya bisa tsammani.

Abin da ya iso gare mu

An fara ɗaukar hoton cikin kai da na'urar sikana cikin 1971, a Landan. Yau akwai ta cikin manyan asibitocin ƙasarmu. Gashin da aka tabbatar da amfaninsa cikin 1978, an fara yin shi a Yamai cikin 2021, a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa. Kafin nan sai mai hali ya fita waje.

Ƴan'uwa, yawancin ciwon kai ba ƙari ba ne, kada hankali ya tashi. Amma ga alamun da ba a zama gida da su: ciwon kai mai ƙaruwa sati bayan sati, da amai da safe, farfaɗiyar da ta fara ma mutum bayan ya girma, gani mai dushewa, hannu ko ƙafa da ke mutuwa sannu, ciwon baya mai hana barci tare da nauyin ƙafafu ko kasa riƙe fitsari. Wanda ya ga haka, ya tafi gidan likita da wuri. Laka in ta daɗe a danne, da wuya ƙafa ta dawo.

In kuwa wani ya zo da kwalba, ya ce tana warkar da sankarar kai, kafin a sai da sa ko a jinginar da gona, a yi masa tambaya uku. Mutum nawa aka ba? Nawa suka tashi, nawa suka rasu? Da wane magani aka gwada shi?